Karatun Auta da Abba a Tsakar Gida

22 ga Satumba, 2024

An koma makaranta. 'Yata Auta ta shiga ajin ƙarshe na nazare, shekararta biyar da 'yan watanni. Ajinsu ɗaya da Abba, ɗan ƙanwata, wanda yake wuni a wurina nan unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, saboda uwarsa ma'aikaciyar jinya ce, sai yamma take zuwa ɗaukarsa. Baɗi war haka, in Allah ya kai rai, firamare za su shiga. Abin da na sa a gaba shi ne kafin lokacin a miƙa musu takardar da ba su taɓa gani ba, mai gajerun jimlolin Hausa, su karanta da kansu, su kuma faɗi abin da ta ƙunsa. Ni tela ce, amma na yi karatun koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Azare kafin ɗinki ya ɗauke ni. A bayan littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki zan riƙa ajiye inda aka kwana.

Na fara da auna su. Duk su biyun suna rera abacadan Turanci daga farko har ƙarshe ba gargada. Auta ma har littafin ajinsu take "karantawa", e fo aful, bi fo bol, tana bin layi da yatsa, kai ka ce da gaske ne. Sai na rufe hoton da tafin hannu na nuna kalmar kawai. Shiru. Na yanka kwalin taliya na rubuta haruffa ɗai-ɗai, na cakuɗa su a faranti, na ce kowa ya ɗauko ya faɗa mini. Auta ta gane wajen rabi. Abba kuwa duk wanda ya ɗauko sai ya koma farkon waƙar ya rero, ko Allah zai sa ya faɗo a kansa. Hadda ce. Hadda ba abin rainawa ba ce a gidan da ake haddar Alƙur'ani, amma ba ta buɗe takardar da ba a taɓa biya maka ba.

Ban ga laifin Antinsu, malamar ajinsu, ba. Aji cike yake maƙil, iyaye kuma abin da suke so su ji ke nan idan yaro ya dawo: Turanci a baki.

Tsarin da na yanke: bayan an ci abincin rana, kafin su tafi Islamiyya da ƙarfe huɗu, kamar minti goma sha biyar a kan tabarma. Ba bulala, ba tsawa. In gajiya ta zo, a naɗe tabarma.

6 ga Oktoba

Da wasula biyar na fara gwada su, nan kuwa na ga inda gizo ke saƙar. Harafin da Bahaushe ke ce wa a, a makaranta an gaya musu sunansa "e". Wanda muke ce wa e, an ce "i" ne. Wanda muke ce wa i, an ce "ai". To yaron da ya riƙe wannan ya zo kan kalmar mama, me zai fito daga bakinsa? Em, e, em, e. Ko wuni zai yi yana maimaitawa ba zai ji uwarsa a ciki ba.

Na ce musu kowane harafi yana da sunan da Anti ke kiransa da shi, yana kuma da abin da yake faɗa, mu a gida abin da yake faɗa muke nema. Ban ƙaryata Anti ba, don yaron da aka raina malamarsa a gabansa ya rasa ta ke nan.

Ban bi jerin abacada ba. Wanda ya bi shi, tun makon farko zai jera wa yaro b, ɓ, d da ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna, ya rikita shi tun ba a je ko'ina ba. Na zaɓi a, m, n, k, i. A rubutun Hausa babu wanda ya kai harafin a yawa, kuma da waɗannan biyar kaɗai ana samun mama, nama, kaka, ina, nan, kai, mai, har makani. Ƙananan haruffa muka sa a gaba, tunda su ne suka cika littafi. Manyan sa zo daga baya. Na yanko su daga ragowar atamfa na manna a kwali don a shafa da yatsa, na kuma zuba yashi a tire ana zanawa ana sharewa. Abba ya fi son yashin. Rabinsa a tire, rabi a kansa.

13 ga Oktoba

Maigidan ya tsaya a kanmu yau ya ɗan saurara, da yara suka fita sai ya ce, "Wai ni kam, kuɗin makaranta muke biya don yarinya ta iya Turanci, ke kuma kin zaunar da ita kina koya mata Hausar da ta tashi da ita a baki?"

Na ce, "Malam, ba Hausa nake koya mata ba, karatu nake koya mata, da Hausa." Yaron da ya haɗa na da ma ya ji nama, take yake sanin ya yi daidai, don ya san nama, ya ci jiya. Wanda ya haɗa haruffan kalmar Turancin da bai taɓa ji ba, ko ya dace ko bai dace ba, ba shi da yadda zai sani. Nauyi biyu aka ɗora masa lokaci guda. Ga shi Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun kai 44, harafi ɗaya sai ya canza murya daga kalma zuwa kalma. A Hausa kuwa m ɗin mama shi ne m ɗin masa, ba ya sauyawa. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta a rayuwa, in ta zauna sai a ɗauke ta a kai kowane harshe.

Na tuna masa cewa a watan Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu na Azare yana ministan ilimi, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Ya ce wannan a takarda ne, a wace makarantar kuɗi na ga ana yi? Gaskiyarsa. Na ce to ya duba rahoton da Bankin Duniya da su UNICEF suka fitar a 2022: a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara bakwai cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Da yawansu kuma suna zuwa makaranta kullum da jaka a baya.

Bai ce na yi nasara ba. Ya dai gindaya sharaɗi: a gama aikin gidan da Anti ta bayar tukuna. Na yarda.

27 ga Oktoba

Tun ranar Litinin kusan duk Arewa babu wutar lantarki, an ce manyan layukan da ke kawo ta ne suka lalace. Kekena na ƙafa ne, bai dame ni ba. Waya dai ta mutu, 'yan kallon katun sun rasa abin yi, sai dare ya koma na tatsuniya. Ga ta nan ga ta nanku. Nakan tsaya a tsakiyar labari in ce, "To me kuke jin Gizo zai gaya wa Ƙoƙi?" In an kai ƙurunƙus kuma wani ya maimaita mana daga farko da bakinsa. Ni a wurina wannan ma karatu ne, don wanda bai saba riƙe zaren labari da kunne ba, ba zai riƙe shi da ido ba ranar da ya iya haɗa haruffa.

A cikin duhun muka ƙirƙiro wasan tafi. In faɗi kalma, su karya ta da tafi: ma-sa, biyu, ta-bar-ma, uku, Yan-ka-ri, uku, mu-ci-ya. Sai wasan aike: a kawo mini abin da ke farawa da mmm. Abba ya ruga madafi ya dawo da murfi, muciya da matankaɗi kafin Auta ta miƙe. Kunnen yaron nan garau yake. Na rubuta wannan musamman don in tuna da shi ranar da zan fara jin kamar ba ya ganewa.

17 ga Nuwamba

Makonnin nan mun cije a wuri ɗaya. Sun san abin da kowane harafi ke faɗa, amma haɗawa ta gagara. In nuna m su ce mmm, in nuna a su ce a, in ce to ku haɗa, sai su ce "mmm... a", su zuba mini ido.

Inna, kakar yaran, ta zo mana wuni daga unguwar Kobi, tana zaune tana gyaran zogale tana jinmu. Can sai ta ce, "Ke kam kina ba yara baƙi tsirara. Sa masa riga mana." Ta ce a makarantar allo ba wanda ake ɗora wa aya sai ya gama babbaƙu, ya san kowane baƙi da idonsa, sannan a shiga farfaru, inda ake ɗora wa baƙin wasali a furta su tare a numfashi guda: ba, bi, bu. Ba a cewa yaro ya faɗi baƙi daban, wasali daban, sannan a ce ya ɗaura musu aure. Ta juya wurin Auta ta ce, "Zo nan kishiya, in ga ko kin fi ni kai." Ta sa yatsa a kan m ta ja shi zuwa a ba tare da ta yanke murya ba, mmmaaa, sannan ta gajarta, ma. Ma, mi. Na, ni. Ka, ki.

Inna ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma abin da ta yi shi ne abin da littattafan koyarwa ke zagaye-zagaye kafin su faɗa. Hausa harshe ne na gaɓa, yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali a bayansa, don haka gaɓar ce ya kamata yaro ya riƙa gani a dunƙule. Na kuma lura da dalilin da ya sa ta fara da m da n: ana iya jan su da murya har a isa wasalin. K da b da t ba sa jawuwa, in ka ce za ka furta su su kaɗai sai wani wasali ya maƙale musu a baya, yaro ya ji "ki-a" maimakon ka.

Da daddare na tara murafen robar lemo na rubuta gaɓa ɗaya a kan kowanne. Washegari na ajiye na da ma kusa da juna. Auta ta ce na, ta ce ma, ta sake da sauri, sai ta ɗago kai ta ce, "Umma, nama ne!" Ta juya murafen da kanta ta samu mana. Daga nan ba ta bar ni na naɗe tabarma ba sai da ladan ya kira la'asar. Abba yana karanta gaɓa ɗaya daidai, kafin ya kai ta biyu ta farkon ta gudu.

Jimlar farko da aka karanta a gidan nan: Ina Kaka? Kaka na nan.

1 ga Disamba

Sanyi ya shigo, mura ta kwantar da Auta, ba a yi wani abin kirki ba. Kafin haka mun ƙara u, o, e, s, r, t, w, y, g da l. Na daina kawo sabon harafi sai wanda ya gabata ya fito a kalma ba tare da an yi ta lalube ba.

22 ga Disamba

An ba da hutu, muka shiga masu ƙugiya. Na raba su nesa da juna: b ya zauna sosai kafin d ya shigo, sannan ɗ, sannan ƙ, ɓ a ƙarshe. A baki ba su da matsala ko kaɗan, ba ɗan Hausan da zai ce zai shiga daki. A ido ne aikin yake, don ƙugiyar 'yar mitsitsiya ce, yaro bai ga dalilin da zai kula da ita ba.

Sai na sa ta zama abin dariya. Na rubuta Kura ta shiga ido, na ce Abba ya karanta. Ya karanta daidai yadda na rubuta, Auta ta faɗi tana dariya wai yaya kura za ta shiga ido. Na ba ta alli ta ɗora wa k ƙugiya, ta koma ƙura, wadda kuwa ga ta nan ta rufe gari har duwatsun bayan gari ba a hangowa. Haka muka yi da baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Yanzu Auta ta zama 'yar sandan ƙugiya. Ta leƙa wayar babanta ta ga saƙon da aka rubuta "dan Allah ka karaso", ta ce mai rubutun bai iya ba.

Abin yana ci mini rai, gaskiya. Haruffan nan tun shekarun 1930 suka shiga rubutun boko, yau kuma kowace waya tana iya fitar da su in mutum ya sa allon rubutun Hausa, amma manya sun yi watsi da su a allunan shaguna da saƙonni. Babba yana cike gurbin da kansa don ya san abin da ake nufi. Mai koyo ba shi da wannan gatan, abin da ya gani shi zai furta.

19 ga Janairu, 2025

Maganar Abba. Uwarsa ta damu, ta ce ko a nemo masa mai lesin, tunda ga Auta tana karanta jimla shi yana nan a gaɓa biyu. Na ce ta ba ni lokaci.

Abubuwa uku na gano. Na farko, yakan faro daga dama: in ajiye ka da ma, ya ce maka. Ba wauta ba ce, da yamma a Islamiyya daga dama ake fara masa, da safe daga hagu, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce rubutu iri biyu ne kowanne da hanyarsa. Na ɗinka jan maɓalli a kan ɗan ƙyalle muna ajiye shi a hagun layi, daga maɓalli ake tashi. Na biyu, yana yawan murza ido. Uwarsa ta kai shi an duba, ganinsa lafiya lau, ƙaiƙayin ƙura ne, an ba shi magani. Na uku shi ne babba: Auta. Kafin ya buɗe baki ta faɗa, shi kuma ya koyi jira ta faɗa ya maimaita. Na raba su. Ita tana zane a ɗaki, ni da shi a tsakar gida, sannan a yi musanya.

Zama ma ba ya yi masa. Na zana ɗakunan 'yar gala-gala da gawayi a siminti, kowane ɗaki da gaɓarsa, yana tsalle yana faɗa, in ya dira a biyu ya haɗa su. Da ƙafa ya karanta tuwo, rake da gero. Juya b da d da yake yi bai tayar mini da hankali ba, yara da yawa suna yin haka har wajen shekara bakwai.

9 ga Fabrairu

Yanzu matsalar ta koma ta abin karantawa. Na zaga wurin masu littattafai a Wunti da babbar kasuwa. Na Turanci masu hoto ga su nan jibge, na addini ga su nan, na Hausa kuwa yawanci labaran manya ne masu ƙananan rubutu. Na ɗan shekara biyar da ya san haruffa ashirin bai san sauran ba, ban samu ba.

Maƙwabciyata da ke koyarwa a firamaren gwamnati ta aro mini Mu Karanta na aji ɗaya, littafin da aka samar ƙarƙashin shirin NEI Plus, wanda hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa a jihohin Bauchi da Sakkwato tun daga 2015. Na zauna na bi shi shafi-shafi. Tsarinsa bai yi nisa da abin da muke yi ba: sauti, gaɓa, kalma, jimla, sai ɗan labari, malami ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Abin mamaki, ɗan talakan da ke makarantar gwamnati, in an dace da malami mai zuwa aji, yana da hanyar koyon karatu da ta fi ta 'yata da muke biya wa kuɗi. Malamar tana cikin zullumi, don gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje tun watan jiya, tana tunanin wa zai ci gaba da buga irin waɗannan littattafan.

Aro ne, zan mayar. Don haka na fara yin namu. Ina ninke farar takarda huɗu, in bi tsakiyar da keke, ya zama ɗan littafi. Kowane shafi jimla ɗaya, ba na sa harafin da ba mu yi ba, su kuma su zana hoton bayan sun karanta, ba kafin ba, don kada hoto ya riƙa ba su satar amsa. Labaran na gida ne: akuyar maƙwabta da ta ci masar Kaka, ranar da Abba ya faɗa kwata da takalmin Juma'a. Wannan na biyun an karanta shi har ya yage. A waya kuma akwai African Storybook, inda ake samun labaran yara da Hausa kyauta; waɗannan ni nake karanta musu da daddare, don sun fi ƙarfinsu tukuna.

9 ga Maris

An ɗauki azumi ranar 1 ga wata. Gwamnatin jiha ta rufe makarantu saboda azumin, kamar yadda Kano, Katsina da Kebbi suka yi, ana ta muhawara a rediyo. Ni dai abin da na sani, 'yan shekara biyar ba azumi suke yi ba, kuma makonni ba karatu suna iya kwashe abin da aka tara. Mun mayar da zama da hantsi, kafin rana ta yi zafi.

Ɗinkin Sallah ya rufe ni, sai na damƙa wa yayarsu da ke ƙaramar sakandare. Doka ɗaya na ba ta: in sun cije kada ta faɗa musu kalmar, ta ƙirga biyar a zuci, in abin ya ƙi ta rufe kalmar ta buɗe gaɓar farko kawai. Ina jin su daga kan keke. Haƙurinta bai kai nawa ba, amma sun fi jin kunyar yin kuskure a gabana fiye da gabanta, don haka sun fi sakin baki. Sun yi sh da ts, sun shiga kw, gw da ky.

2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Kuɗin barka da Sallah sun zama littafi. Tun 2007 ƙananan takardun kuɗi suna ɗauke da ƙimarsu da rubutun boko cikin Hausa, Yarbanci da Ibo. Na ce duk wanda ya karanta abin da ke jikin takardarsa ya riƙe, wanda ya kasa in ajiye masa. Ba ka ga himma ba. Naira goma ta zo da sauƙi. Hamsin ta ba su wuya, saboda gaɓar da ke rufewa da baƙi, ham da sin, ita ce har yanzu ba ta zauna ba. Abba sai ya ce ha-ma-si-na. Ashirin ta fito bayan an tuna da sh. A naira biyar na nuna musu Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, na ce malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama firaminista, kabarinsa ne muke wucewa in za mu gidan Kaka. Inna kuma ta karɓi ɗari biyar ta karanta musu ajamin da ke jiki, ta ce wa Abba, "Ka gani ko, maigida? Ni ma da nawa bokon."

A Keke Napep zuwa yawon Sallah Auta ba ta bar allo ko ɗaya ba. Bayan wata tifa ta karanta Sai haƙuri da ƙarfi har direbanmu ya waiwayo. Da ta zo kan sunan garinmu sai ta tsaya: Ba-u-c-hi. Na ce mata wannan rubutun Turawa ne, su sai sun haɗa c da h suke samun sautin da mu c kaɗai ke ba mu, kamar a ciki da cokali. Ta ce to a gyara. Na ce ta bari sai ta zama gwamna.

11 ga Mayu

Auta ta wuce matakin gaɓa-gaɓa a kalmomin da ta saba, yanzu sababbin matsaloli ne, masu daɗi. Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Ta karanta Inna ta tankaɗe gari da muryar garin da ake shiga, ta tsaya, ta ce ba a tankaɗe gari, ta koma ta gyara da kanta. Wannan komawar ita nake jira tun Satumba, don ta nuna tana sauraron abin da take karantawa. Na shirya mata irinsu da gangan: kuka na miya da kuka na hawaye, gado na kwana da gado na magada.

Sai baƙi mai ninki. Baba da babba, kuma hannu, kunne, sannu. Muna riƙe numfashi kaɗan a tsakiya muna tafi.

Akwai kuma bakinmu na Bauchi. In littafi ya ce rigar Mama, ita rigan Mama take karantawa, motar Baba ta zama motan Baba, don haka muke magana a nan, ba mu cika rarrabe namiji da mace a ƙarshen kalma ba. Ban ce mata maganarmu kuskure ba ce. Na dai sa ta duba harafin ƙarshe ta faɗi abin da ta gani, na ce haka ake rubutawa, kuma haka za a nema a jarrabawa.

Ta ɓangaren Turanci, Antinsu ta tare ni a bakin makaranta ta ce, "Maman Auta, me kuke ba ta a gida?" Wai an rubuta sababbin kalmomi masu haruffa uku a allo, ita kaɗai ta gwada haɗa su maimakon jiran a faɗa. Tana furta wasalin da muryar Hausa, Anti na gyara mata. Na gaya wa Malam da daddare. Ya ce, "Ai dama 'yata ce."

20 ga Yuli

Zangon ƙarshe ya zo ƙarewa, na sake auna su. Don kada in yi wa kaina alfarma, maƙwabciyata malama ce ta rubuto labarin, jimla takwas a kan yarinyar da aka aika sayen ƙuli-ƙuli ta haɗu da ruwan sama, kuma ita ta zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ni ina ɗaki.

Auta ta karanta duka. Ta yi tuntuɓe a kan tsakiya da gwangwani, ta gyara ɗaya da kanta, ɗayan aka taimaka mata. Tambayoyi huɗu aka yi mata ta amsa uku. Wadda ta kasa amsawa ita ce mai neman dalili, me ya sa yarinyar ta ɓoye kuɗin a ɗankwali. Har yanzu tana karatu da murya ɗaya ba ta tsayawa a aya, sai an tuna mata.

Abba ya kai jimla ta uku ya gaji. Kalmomi masu gaɓa biyu suna fita ba lalube, daga hagu yake farawa ko ba maɓalli, ƙ da k sun rabu. Masu gaɓa uku da masu rufaffiyar gaɓa har yanzu da sauransu, ɓ da ɗ kuma sukan musanya. Da malamar ta karanta masa ragowar labarin da bakinta, duk tambayoyin huɗu ya amsa, har da wadda ta kayar da Auta.

Aikin dogon hutu: Auta za ta riƙa karanta wa Inna ɗan littafi ɗaya duk ranar da muka je Kobi, a kula da aya da waƙafi, ta kuma fara rubuta nata jimlolin. Abba zai ci gaba da gala-gala, da gaɓoɓi irin su han, kar, tam, bis. Uwarsa ta karɓi rabin murafen don a riƙa yi a can gida ranakun da ba ta aiki. 'Y da fy ba mu taɓa su ba tukuna, manyan haruffa ma saura guda shida. Farar takarda ta ƙare, sai na shiga kasuwa.